Kwalabe Goma Sha Huɗu na Turaren Azurfa

Malam Tahiru ya ce zai ɗauki ƴan mata biyu su koyi aiki a labo ɗinmu, inda muke renon shuka cikin kwalba, ya ce in rubuta musu abin da ya kamata su sani kafin su zo. Na ce Tanti Hamsa ce ta dace da wannan, ita shekararta goma sha tara tana yi, ni kuwa huɗu. Ya ce, "Tanti ba ta iya riƙe alƙalami yanzu, kin sani." Na sani, shi ya sa na karɓa. Idan kun ga layi ya karkace a wasu wurare ku yi haƙuri, wuyana bai gama dawowa daidai ba, ban iya sunkuyawa sosai.

Na san abin da ake faɗa a unguwa, don ni ma da bakina na faɗa. Wai ƴan labo suna zaune cikin sanyin kilim, injin sanyaya ɗaki, da farar riga, suna tsinkar ganye suna jefawa a kwalba, ƙarshen wata a miƙo musu albashi. Shekarar da na faɗi jarrabawar bak karo na biyu, wata maƙwabciyarmu ta ce akwai wani dattijo a unguwar Dar es Salam, nan Yamai, mai shuka itace cikin kwalba, yana neman yarinya mai ɗan karatun kimiyya. A cikin duk bayaninta kilim kaɗai na ji. Washegari na sa kayana masu kyau na tafi.

Wata shida na yi ban taɓa ganye ko ɗaya ba. Labo ɗin ɗakuna uku ne a bayan gidan Malam, ya gina su bayan ya bar aikin gwamnati: ɗakin wanki da dafuwa, ɗakin dashe, da ɗakin reno inda kwalabe ke jere a kan kanta ƙarƙashin fitilu. A na farkon aka ajiye ni, kuma shi ne wanda babu kilim a cikinsa. Kwalaben mayonez muke aiki da su, waɗanda mata ke tarawa suna sayarwa a bakin Babbar Kasuwa. Za ki jiƙa su kwana guda, ki kankare takarda, ki wanke da sabulu, ki ɗauraye sau uku, na ƙarshe da tataccen ruwa. Tanti Hamsa, wadda ita ce babba a kan aikin, takan ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga wajen taga. In ruwa ya sauka sumul, kin tsira. In ya tsaya ɗigo-ɗigo a jikin gilashi akwai sauran maiƙo, sai ta juye kwandon gaba ɗaya cikin baho.

Tanti Bazabarmiya ce, haifaffiyar Yamai, a kasuwa ta koyi Hausa. Ranar da ta ji mu Gobirawa ne ta tafa hannu ta ce Allah ya kawo mata baiwa har gida. Kun dai san wasan da ke tsakaninmu da su.

"Bagobira, wanke kwalbar nan kika yi ko alwala kika yi mata?"

"Tanti, ai Zabarmawa ne suka ci mayonez ɗin, shi ya sa maiƙon ya ƙi fita."

"Ci gaba da surutu. Kwando na nan yana jiran ki."

Tuwon farko da na dafa ya ƙi daskarewa. Tuwo muke ce wa abincin da shuka ke zama a kai cikin kwalba. Ruwa ne da sukari da gishirin shuka iri-iri da ake aunawa a ƙaramin sikeli, da wani farin gari mai suna agar da ke sa shi ya kama jikinsa kamar kunun da ya kwana. Sai ɗigon magani: wani na gaya wa shuka ta yi rassa, wani na gaya mata ta yi saiwa. Ni na manta ban auna tsaminsa ba, kwalba sittin suka fito ruwa tsululu. Malam bai yi faɗa ba, ya ce in zubar in sake, ya tsaya a kaina har na gama. In an zuba tuwo sai a rufe bakin kwalabe da takardar alminiyum, a jera su cikin kokot, tukunyar nan mai murfin ɗauri, a bar ta tana fito minti ashirin. Dalili kuwa, duk abin da shuka ke so cikin tuwon nan funfuna ta fi ta so, kuma ta fi ta sauri. Ƙwaya ɗaya da ido ba ya gani ta faɗa ciki, kwana uku za ki tarar kwalba ta yi gemu.

Ranar da aka fara zaunar da ni a ɗakin dashe, da ƙusa Tanti ta fara. Akwai ƙusa a bayan ƙofa, ta ce nan ake rataye hijabi. A ciki farar riga ta auduga ake sawa da hula mai rufe gashi, shi ke nan. Mata ne kaɗai ke aiki a ɗakin. Malam kansa, tun da hannunsa ya fara rawar tsufa ya daina dashe, daga bakin ƙofa yake magana. Teburin aikin wani akwati ne mai buɗaɗɗen gaba, yana huro tatacciyar iska zuwa fuskarki don kada iskar ɗaki ta shiga. A dama akwai kwalbar alkol, ruwan nan mai kama wuta, da hantsaki da aska a tsome, kusa da ita ƴar fitila mai lagwani, ita ma alkol take sha. Za ki zaro hantsaki, ki gitta shi cikin wuta, ki jira ya huce, ki ciro shuka, ki yanka gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da idonta, ki kafa a sabon tuwo. Ba a magana, don numfashi na ɗauke da ƙwayoyi. Ba a gitta hannu ta kan buɗaɗɗiyar kwalba. Ba a sosa fuska ko da sauro ne ya sauka. Tanti takan yi kwalba arba'in kafin azahar, yatsunta kamar ba ƙashi a ciki. Ni a watan farko takwas nake yi, biyar su yi gemu.

Akwai abu ɗaya da ta faɗa mini a ranar, na ji shi kamar sauran: wutar alkol ba ta da launi. Ƙarƙashin farar fitilar ɗaki ba kya ganin ta, sai dai ki ga iska na ɗan rawa a saman lagwani.

Muna yin ayaba da wasu furanni, su ke riƙe da labo. Amma abin da Malam ya gina wurin dominsa wani itacen turare ne. Ba irin dogon nan na bakin hanya mai siririn ganye ba. Wannan ganyensa zagaye ne kamar kuɗin ƙarfe ƴar dala ashirin, fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, in rana ta doke shi yana ƙyalli. Azurfa muke ce masa. Wani abokin Malam ne ya kawo masa iri daga tafiya tuntuni, cikin duk abin da ya tsiro guda ɗaya ne ya jure zafin Yamai, a lambunsa na bakin gulbi. Ba ya ƴaƴa a nan. An yanki reshe an dasa ya fi sau ɗari, ruɓewa yake yi. Hanya ɗaya ta rage, ta kwalba.

Shekara biyu Tanti ta yi kafin Azurfa ya yarda ya zauna a kwalba, tun kafin zuwana. Takan yanko ɗanyen reshe da sassafe, ta wanke da sabulu ƙarƙashin pampo, ta tsoma a alkol, ta jiƙa a ruwan jabel mai kashe ƙwayoyi, ta ɗauraye da dafaffen ruwa. In jabel ya yi yawa gaɓar ta mutu, in ya yi kaɗan funfuna ta ci. Wadda ta tsallake biyun kuma sai ta fara zubar da wani baƙin ruwa kamar shayin da ya daɗe a wuta, ta kashe kanta da shi. Sai da Tanti ta gano a sa garin gawayi a tuwo, a ɓoye kwalba cikin duhu mako guda, a riƙa canza tuwon duk kwana biyu. Daga gaɓa uku da suka rayu a hannunta duk Azurfan labo ya fito.

Fitar da shuka daga kwalba shi ne aikin da na fi so. Ta saba da laima da inuwa, ba ta san iska ba. Za ki wanke tuwon da ke jikin saiwa a hankali, ki dasa cikin rairayin gulbi da ruɓaɓɓen taki, ki kife mata rabin gorar ruwa. Kowace rana ki ɗan sassauta murfin gorar, har mako uku. In kika yi gaggawa, kafin ki dawo daga salla ta kwanta. Haka muka fitar da Azurfa ɗari biyu muka dasa a lambun, kewaye da uwarsu.

Hajiya Biba, mai kayan adon biki a kasuwar Wadata, ita ce babbar mai sayenmu. Da ganyen roba take ƙawata wurin zaman amarya, har ranar da ta ga reshen Azurfa a hannun wata. Duk Alhamis takan zo a yanka mata dami. Ta sha roƙon Malam ya sayar mata da itacen kansa.

"Malam, guda biyar kawai, in dasa a tsakar gidana. Ko tsoro kake in ƙwace maka kasuwa?"

"Hajiya, sai sun kai dubu. Yanzu goyo ne, ba a yaye su ba."

"Kai dai rowa ce da kai. Ko inuwar itacen aka roƙe ka sai ka ce a dawo baɗi."

Bai sayar wa kowa ba, ko ɗaya. Daga baya na ji shi yana cewa da ma ya ba ta biyar ɗin nan.

Daminar bara gulbi ya cika ya ɓalle ya shiga lambuna. Ruwa ya fi wata yana tsaye a lambun Malam, har wuyan mutum. Da ya janye muka je. Uwar tana tsaye, ganye ya zube, ɓawo na saɓulewa a hannu. Ƙananan kuwa sanduna ne kawai cikin laka. Malam ya jira wata uku ko za ta tofo daga gindi, ba ta tofo ba. Abin da ya rage na Azurfa, iya saninmu, shi ne wanda ke kan kanta a ɗakin reno. Muka dage muka kai su kwalba casa'in. Sai bazara ta shigo da yankewar kuran, wato wutar lantarki. Gurup ɗinmu, injin ba da wuta, ƙarami ne, yana ɗaukar fitilu amma ba ya ɗaukar kilim. Wata rana kuran ya tafi tun hantsi bai dawo ba sai magariba. Muka jiƙa buhuna muka rataye a tagogi, muna fifita da kwali, duk da haka tuwo ya yi gumi, ganye ya dahu. Da aka tsince, goma sha huɗu suka rage.

Yau mako bakwai ke nan. Laraba ce. Kilim na ɗakin reno ya mutu da safe, Malam ya kira mai gyara. Tanti ta ce kafin a gyara za ta kwaso Azurfa ta kawo ɗakin dashe, tun da namu na aiki. Ni ina zaune ina dashen ayaba, kwalabe uku a buɗe a gabana. Sai na ji Malam yana sallama a ƙofa, yana cewa wayar kilim ɗin ta cikin ɗakinmu ta bi, mai gyara zai shigo ya duba, minti biyar kawai. Mai gyaran babban mutum ne mai gemu, da tsani a kafaɗa. Ban yi tunani ba. Baƙon namiji zai shigo, ni kuma wuyana a buɗe, sai na tashi na zaro hijabina daga ƙusa na zura a kan farar rigar, kamar yadda kowace a cikinku za ta yi. Irin babban nan ne mai santsi, rabin yadinsa roba, har gwiwa. Na koma na zauna don kada kwalabena su daɗe a buɗe.

Na miƙa hannu zan ɗauki hantsaki. Ban ga komai ba. Ɗumi na ji a gefen wuyana kamar rana ta shigo ta taga, sai wari irin na leda a bola. Na zabura, gwiwar hannuna ta ture kwalbar alkol, ya malale a tebur ya zubo mini a cinya. A nan ne na ga wutar, don ta samu abin ci ta yi launi.

Tanti tana bakin ƙofa da faranti a hannu biyu, kwalabe goma sha huɗu a kai. Akwai tebur taku uku daga inda take, na sha auna wurin da ido tun daga ranar. Ba ta nemi tebur ba, sakin farantin ta yi. Ta damƙi hijabin da hannuwanta tana yaye shi ta kaina, yana narkewa yana manne mata a tafi. Ta jefar da shi, ta kwance zanenta ba ta damu da wanda ke ɗakin ba, ta lulluɓe ni ta danne ni a ƙasa. Mai gyara ya ɗauko bokitin ruwan goge daɓe ya sheƙa mana, ya sheƙa wa tebur. Duka abin bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Farar rigar auduga ce ta tsare ni. Wuyana ne ya ƙone ta dama da kunne, da ɗan wuri a cinya. Tanti kuwa tafukanta biyu da yatsun dama. Muna fita wajen taksi, hannuwanta cikin roba mai ruwa, ta hangi matar Malam ta taho da tsintsiya. Ta tsaya ta ce, "Kada a share ɗakin nan. Kada kowa ya taka."

A gidan likita aka ɗaure mini wuya aka sallame ni, ita aka ba ta gado. Na tsaya a gefenta na ce "Tanti, ki yafe mini", ina ta maimaitawa.

"Yi mini shiru," ta ce. "In bar baiwata ta ƙone, wa zai wanke mini kwalabe? Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya ta wuce."

"Kwalaben nan wasu sun fashe, wasu murfinsu ya yage, duka suna kwance cikin ruwan datti. In rana ta faɗi ba a tsince su ba, an gama da Azurfa. Malam hannunsa ba ya tsayuwa. Ni ga nawa. Saura ke."

"Tanti, ba zan iya zama gaban wutar nan ba."

"Ban tambaye ki ko za ki iya ba."

Ana haka babana ya shigo. Tela ne a Wadata, an kira shi ya taso da zare a jikin rigarsa. Ya gaishe ta, ya yi ta yi mata godiya, sannan ya ce ɗiyarsa ta gama da wurin nan ko albashin minista ake biya.

Tanti ta dube shi. "Malam tela, allurar keke ta taɓa shiga yatsanka?"

Ya ɗaga manuniyarsa ta hagu, farcen a rabe yake tun ina ƙarama. "Ta shiga ta nan, ta fita ta nan."

"Kwana nawa ka yi kafin ka koma kan keken?"

"Jajibirin salla ne. Na ɗaure da ƙyalle na ci gaba."

"To kai mini ita. Ka zauna a ƙofa in kana so."

Shi ya ɗauke ni a moto, babur ɗinsa. Da muka sauka ya ce, "In kin ji ba ki iyawa ki fito, ba wanda zai ce miki don mi."

Tsintar ce ta fi cin lokaci. Na durƙusa da hantsaki tsakanin fasassun gilasai da tuwo da ruwan datti, ina ɗaukar reshe ɗaya-ɗaya, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ina sawa a dafaffen ruwa. Hijabin yana kusurwa, ya dunƙule baƙi kamar kwalta. Mai gyara ya ƙi tafiya, shi da Malam suka goge tebur da jabel, aka kunna iska. Allah ya sa akwai tuwon Azurfa da muka dafa don dashen mako mai zuwa. Da Malam ya ɗauko ashana na miƙe tsaye ban sani ba. Ya dube ni, ya fita, ya dawo da gishirin miya a tafin hannu, ya barbaɗa a kan lagwani, sannan ya kyasta. Wutar ta tashi rawaya, ana ganin ta daga ƙofa.

"Shekara talatin na san wannan," ya ce, "ban taɓa yi ba."

Ɗiyar Tanti ta riƙe mata waya a kunne a can, Malam ya riƙe tasa a bakin ƙofa ya buɗe murya. "Ke ba ki da baki yau," in ji Tanti. "Ni ce baki, ke ce hannu." Ta ce jabel rabin ƙarfin da aka saba, don waɗannan ƴan ɗaki ne, fatarsu ba ta san wahala ba. Minti huɗu, ita ke ƙirgawa. Ɗauraya huɗu. A yanke duk inda ya yi fari, a cire ganye, a bar ido. Kowace gaɓa da kwalbarta daban, don kada mai cuta ta shafa wa mai lafiya. Hantsaki a hannuna yana ta ƙwanƙwasa bakin kwalba, tana jin ƙarar ta waya.

"Kafa gwiwar hannunki a tebur. Ja numfashi ta hanci. Itacen bai san kina tsoro ba, yanka kawai."

Wani lokaci sai ta yi shiru, in ji ana mata wankin ciwo, in ji tana faɗin wani abu da Zabarmanci a hankali, sannan ta dawo ta ce, "Ta nawa?" Malam ya amsa mata. Kafin kiran magariba na kafa gaɓa arba'in da bakwai. Da na fito babana na zaune a ƙofa da tasbaha. Ko masallaci bai je ba, nan ya shimfiɗa buhu ya yi la'asar.

Sauran aikin jira ne. A kwana na uku goma sha biyu suka yi gemu, fari da baƙi da wani ruwan hoda. Wasu tuwonsu ya yi farin gajimare a gindin gaɓa. Wasu ba cuta a jikinsu, amma jabel ya cinye su, suka bushe kamar tsinke. Kowace safiya in ɗaga su wajen fitila, in fitar da matattu, in kira Tanti in gaya mata saura nawa. Abin da take cewa kawai shi ne "Kala suru", wato sai haƙuri, "kira ni gobe." A kwana na goma saura tara. A na goma sha takwas saura huɗu, suka tsaya a huɗun. Bayan kwana biyu na ga wani ɗan tsiro kamar kan allura a jikin ɗaya, fari-fari.

Ranar da aka sallame ta ba ta wuce gida ba, nan ta sa taksi ya kawo ta, hannu biyu a naɗe. Likita ya ce na hagu zai dawo. Yatsun dama kuwa sai an ga yadda fata ta kama, mai yiwuwa ba za su sake matse hantsaki ba. Ni na riƙa ɗaga mata kwalaben ɗaya-ɗaya, tana cewa "juya", "ƙara juyawa". Duka huɗun sun tofo. Ta daɗe tana kallon ta ƙarshe, sannan ta ce, "Yankan bai yi kyau ba. Amma ya ci."

Ban san yadda ake gode wa mutumin da ya ba da hannunsa ba. Innata tana kai mata abinci, ni kuma ina biyawa da safe in taje mata kai in ɗaura mata zane, tana zagin Gobirawa tun daga kakanninsu. Na gode wa Allah da ya sa ita ce a bakin ƙofa a lokacin. Malam bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, cewa yake laifinsa ne da ya shigo da mutum wuta na ci, amma ni na san wadda ta zaro hijabi daga ƙusa. Babana ya ɗinka mana huluna na auduga masu saukowa su rufe wuya da ƙirji, a cusa su cikin riga a ɗaure ta baya. Guda shida ya yi, har da naku. Don haka idan kun zo, ba yadin roba a jikinku a ɗakin dashe, ko ɗankwali ne. In namiji zai shigo a fara kashe fitila, ko kwalba ɗari ce a buɗe. Gishiri na nan cikin gwangwani kusa da ashana.

Jiya lokacin raba huɗun ya yi. Tuwonsu ya tsufa, in aka ƙara mako za su fara rawaya. Tun daga Larabar nan Malam ne ke kunna mini fitila kullum sannan ya fita. Jiya ya tafi jana'iza a ƙetaren gulbi, ba a san lokacin dawowarsa ba. Na shirya komai, na zauna, na ce mu jira shi. Tanti tana kan kujera a gefena. Ta sa gwiwar hannu ta turo kwalin ashana har ya taɓa ni.

"Tanti, zai dawo kafin azahar."

"Ni ban iya kyastawa. Azurfa ma bai iya ba. Ko in kira miki babanki daga Wadata?"

Na barbaɗa gishiri. Ashana uku na karya, ta huɗu ta kama. Da farko na ja kujera baya ina aiki da miƙaƙƙen hannu, daga baya na matso na zauna sosai. Kwalba ta farko ta ba da gaɓa uku, ta biyu ta ba da biyu, ta uku uku, ta huɗun da na fi jin tsoronta ita ma uku. Na rufe su na jera, Tanti ta sunkuyo tana ƙirgawa da haɓa.

"Goma sha ɗaya. Raba su faranti biyu, ki kai ɗaya ki dawo ki ɗauki ɗaya. Amma kashe wutar tukuna."

Na kife murfi a kan lagwani, na ɗaga na duba, na mayar, na sake ɗagawa na sake dubawa. Tanti ba ta barin a ɓata ko minti ɗaya a ɗakin nan. Amma tana kallona, ta ƙyale ni har na gama.